SHARHI: Fanshon Ɗan Ci-rani, a Wane Asusu Kuma da Wane Kuɗi?

YOLA: A watan Satumba na shekarar 2025 Hukumar Kula da Fansho ta Ƙasa, watau PenCom, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje damar zuba kuɗin fanshonsu da dalar Amurka a asusun da ke gida. Wata biyu bayan haka, a kasafin kuɗin da Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta gabatar ranar 26 ga Nuwamba, gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa daga ranar 6 ga Afrilu 2026 za ta toshe hanya mafi arha da waɗanda suka taɓa aiki a ƙasar suke bi suna ci gaba da biyan kuɗin fanshon gwamnati bayan sun bar ta. Waɗannan matakai biyu an yanke su ne a Abuja da Landan, amma kowannensu ya shafi gidaje masu yawa a Yola da Jimeta, inda ba a rasa ɗa ko ƙane ko miji da yake neman abinci a bayan iyaka.

Kalmar "ƙasar waje" tana da wata ma'ana dabam a Jihar Adamawa. Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ƙasar Fombina ta haɗa har da Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo, waɗanda a yau duk suna cikin Jamhuriyar Kamaru. Turawan Ingila da na Jamus ne suka raba ta, sa'an nan ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 ta tsayar da iyakar a inda take. Saboda haka mutumin Jimeta da ya buɗe shago a Garwa, ko direban babbar mota da ya yi shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin Mubi da Marwa da Injamena, ba ya jin kansa baƙo ne, domin harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, sau da yawa ma kakanni ɗaya ne. To amma dokar fansho ba ta san zumunci ba. A wurinta wannan mutum yana waje, kamar yadda likitan da ya tashi daga babban asibitin Yola ya koma Manchesta yake waje, kamar kuma yadda tela ko direban gida da ke Jidda yake waje. Mutanen nan uku ba su da wata matsala iri ɗaya sai ta tsufa, kuma kuskure ne a rubuta musu magani ɗaya.

Abin da yawancinsu suka zaɓa sananne ne. Ana aiko da kuɗi a sayi fili, a ɗora bulo a hankali, a sayi shanu a ba wani ɗan'uwa kiwo, a biya wa iyaye kujerar Makka. Babban Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan Nijeriya suke aikowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 a kowace shekara, kuma abin da yake shiga asusun fansho daga ciki bai taka kara ya karya ba. Masu ganin wannan a matsayin jahilci ba su yi wa mutane adalci ba, domin tarihin fansho a ƙasar nan ya isa ya koya wa kowa taka-tsantsan.

A 1961 aka kafa Asusun Tanadi na Ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, wanda yake biyan mutum dunƙulen kuɗi sau ɗaya idan ya bar aiki. Dokar soja mai lamba 73 ta 1993 ta maye gurbinsa da asusun NSITF, wanda ya fara aiki a 1994. Ma'aikatan gwamnati kuwa suna ƙarƙashin dokar soja mai lamba 102 ta 1979, wadda ta ɗora biyan fansho da garatuti kacokan a kan kasafin kuɗin kowace shekara, ba tare da an ware wani asusu ba. Da kuɗin mai ya ja baya, sai fansho ya zama abu na farko da ake jinkirtawa, har bashin da ake bin Gwamnatin Tarayya ya haura naira tiriliyan 1 kafin a yi gyara a 2004. Duk wanda ya girma a tsohuwar Jihar Gongola ya ga tsofaffin malaman makaranta da 'yan sanda suna layin tantancewa da takardunsu a cikin leda. Ko bayan gyaran ma, a watan Nuwamba 2021 kotu ta yanke wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin garambawul na fansho, hukuncin ɗaurin shekara 8 bisa laifin karkatar da kuɗi. Mutumin da ya ga duk wannan da idonsa, in ya ce bulo da saniya sun fi masa takardar gwamnati, yana da hujjarsa.

Amma duk da haka gida ba fansho ba ne. Gida ba ya biyan kuɗin magani a ƙarshen wata sai in an sami ɗan haya mai biya, kuma gidan da aka gina a kwarin Binuwai yana cikin haɗarin ambaliya duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Garken shanu kuwa ɓarayi suna iya kore shi a dare ɗaya. Ban da wannan, akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba saboda kunya: dukiyar da ɗan ci-rani ya bari a hannun dangi, kowa yana ganin yana da haƙƙi a cikinta, kuma da wuya mai ita ya iya tuhumar yayansa a kan buhun siminti. Amfanin asusun fansho shi ne sunan mutum ɗaya ne a kansa, kuma ba a iya ranta shi domin biki.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka sake wa fasali a 2014. A ƙarƙashinta ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10, a cikin wani asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin. Kamfani ɗaya ne yake juya kuɗin, wani dabam yake riƙe da su, domin kada wanda ke yanke shawara ya zama shi ne mai mabuɗin akwati. Wannan rabuwa ita ce ginshiƙin tsarin, kuma gaskiya ta yi aiki: ya zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ta taru ta haura naira tiriliyan 22, masu asusu kuma sun wuce miliyan 10. Dokar ta yarda mutum ya ƙara zuba kuɗi don raɗin kansa, ta kuma ce in ya cire su kafin shekara biyar za a ɗauki haraji a kan ribar. Saboda haka malamin jami'a ko ma'aikaciyar jinya da ta bar aiki a Yola ta tafi waje, asusunta bai mutu ba, yana nan yana jiranta har ta cika shekara 50, kuma tun kafin 2025 ba abin da ya hana ta zuba naira a ciki.

Abin da ya hana ta shi ne lissafi. A 2014 ana sayar da dala a kan kimanin naira 160. Wanda ya aiko da dala 1,000 a wannan shekara ya zuba naira 160,000 ke nan a asusunsa. A ɗauka, don misali kawai, asusun ya riƙa haifar da ribar kashi 12 cikin ɗari kowace shekara har shekara goma: kuɗin zai ninka sau uku da ɗan ɗori, ya kusa naira 500,000. To amma a 2024 dala ta kai naira 1,500, watau abin da ya tara kimanin dala 330 ne kawai. Ya yi haƙurin shekara goma, ba wanda ya sace masa ko kwabo, kamfanin da ke juya kuɗin ya yi aikinsa bisa ƙa'ida, amma kashi biyu cikin uku na guminsa ya narke.

Za a iya cewa ai tsoho a Yola da naira zai yi cefane, don haka farashin dala bai dame shi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai farashin kasuwa ya bi sawun dala. Litar man fetur da ake sayarwa naira 97 a 2014 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma a watan Disamba na wannan shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A jiha kamar Adamawa, wadda kusan duk kayan masarufin da ba na gona ba sai an yi doguwar tafiya da su a mota kafin su iso kasuwar Jimeta, tsadar mai takan shiga cikin farashin kowane abu. Wannan kuwa ba sabon labari ba ne. Tun da aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu a watan Satumba 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, ba a taɓa samun shekara goma a jere da naira ba ta zube ƙasa ba. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta kafe dala a kan naira 22 yayin da 'yan canji suke sayar da ita fiye da naira 80. An sake karya darajar naira a 2016, aka kuma a watan Yuni 2023.

Daga nan ne za a gane muhimmancin ƙa'idojin watan Satumba 2025. A karo na farko hukuma ta amince, ko da ba ta faɗa da baki ba, cewa matsalar fanshon ɗan ci-rani matsalar kuɗin da ake ajiyewa da shi ce. Matakin ya zo ne bayan wasu guda biyu da Babban Bankin Nijeriya ya ɗauka a wannan shekara: a watan Janairu ya ƙirƙiro asusun banki na musamman domin mazauna waje, a watan Mayu kuma ya ba su damar samun lambar BVN ba tare da sun zo gida ba. Idan aka haɗa ukun, ma'aikacin da ake biyansa da fam ko riyal ko dala yana iya buɗe asusu daga inda yake, ya zuba dala, ta zauna a matsayin dala. Mataki ne da ya dace, ko da yake ya makara da aƙalla shekara goma.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata duk mai niyyar shiga ya yi kafin ya sa hannu: ina dalar za ta tafi? Kamfanonin fansho sun saba zuba fiye da rabin dukiyar da ke hannunsu a takardun bashin Gwamnatin Tarayya, kuma babu dalilin zaton asusun dala zai kauce wa wannan hanya, tun da gwamnati tana da takardun bashi na dala, ciki har da wanda ta sayar a cikin gida a 2024 ta tara fiye da dala miliyan 900. Ma'ana, mai asusun ya tsira daga faɗuwar naira, amma bai tsira daga gwamnatin da take buga nairar ba. A 2015 Babban Banki ya hana bankuna karɓar tsabar dala a asusun ajiyar kuɗin waje. Ƙasar Ajantina ta mayar da ajiyar dala ta jama'a zuwa kuɗin gida a 2002, ta kuma ƙwace asusun fansho masu zaman kansu a 2008. A Gana, lokacin da gwamnati ta kasa biyan basussukanta a ƙarshen 2022, sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki kafin aka tsame kuɗin fansho daga shirin farko na sauya takardun bashi. Alƙawarin biya da dala yana cikin ƙa'idar hukuma ne, ƙa'ida kuwa shugaban da ya zo gobe yana iya sake ta da takarda ɗaya. Ya kamata Majalisar Tarayya ta shigar da wannan alƙawari cikin dokar fansho kanta. Kafin a yi haka, mai hankali zai zuba wani kaso ne na tanadinsa, ba duka ba.

Ga wanda ya taɓa aiki a Birtaniya kuwa, lissafin ya sha bamban, kuma a nan ne ake yawan asara saboda rashin sani. Fanshon gwamnatin ƙasar ya dogara ne a kan yawan shekarun da mutum ya biya kuɗin inshorar ƙasa. Bisa tsarin da ya fara aiki a watan Afrilu 2016, sai mutum ya cika shekara 10 kafin ya sami ko sisi, sai kuma ya cika 35 kafin ya sami cikakken fansho, wanda a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya kama fam 230.25 a mako. Likitan da ya yi shekara takwas a can ya dawo gida ya tashi a tutar babu ke nan, sai fa in ya cike gurbin da kansa. A wannan shekarar kuɗi, biyan raɗin kai a aji na uku fam 17.75 ne a mako, kimanin fam 923 a shekara, kuma kowace shekara da aka saya tana ƙara kimanin fam 342 a fanshon shekara har iyakar rayuwa. Cikin shekara uku da fara karɓa uwar kuɗin ta dawo. Aji na biyu ya fi wannan arha nesa ba kusa ba, fam 3.50 kacal a mako, kuma shi ne wanda aka sanar da rufe shi ga mazauna waje daga Afrilu 2026. Sanarwar ta kuma ɗaga sharaɗin shiga aji na uku ga sababbin masu nema daga shekara uku na zama ko biya a ƙasar zuwa shekara goma. Tun ranar 5 ga Afrilu 2025 ma aka rufe damar cike gurbi har zuwa 2006, aka koma ga shekara shida na baya kawai.

Akwai wani tarko kuma. Birtaniya tana ƙara fanshon tsofaffinta kowace shekara, amma ba ta ƙara wa wanda yake zaune a ƙasar da ba ta da yarjejeniya da ita a kan haka. Mazauna Amurka da Jamaika da Filifin da ƙasashen Tarayyar Turai suna samun ƙarin. Mazauna Nijeriya ba sa samu, haka ma na Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Tsohon da ya fara karɓar cikakken fansho na fam 155.65 a 2016 ya dawo Yola ya zauna, a kan wannan adadi zai tsaya, alhali abokin aikinsa da ya zauna a Ingila ya kai fam 230.25 a 2025. Bambancin fam 74.60 ne a kowane mako. Rashin adalci ne a fili, domin su biyun kuɗi ɗaya suka biya, kuma wanda ya koma gida ma ya sauke wa asibitocin Birtaniya nauyin tsufansa.

Abin mamaki shi ne ko daskararren fam ɗin ya fi naira mai motsi. A watan Afrilu 2016 fam bai kai naira 500 ba ko a kasuwar 'yan canji, a 2025 kuwa ya kai kimanin naira 2,000. Saboda haka ga wanda ya cika sharuɗɗa, biyan aji na uku yana nan a matsayin ciniki mai riba. Illarsa biyu ce. Ba a fara karɓa sai mutum ya kai shekara 66, ana kuma ɗaga wannan zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Sa'an nan fanshon yana mutuwa ne tare da mai shi, ba ya zama gado sai a wasu yanayi ƙalilan, saɓanin asusun Nijeriya wanda abin da ya rage a ciki na magada ne. Ga magidanci mai mata da ƙananan yara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma shi ya sa bai kamata ɗayan ya hana ɗayan ba.

Mazauna Saudiyya ba su da irin wannan zaɓi ko kaɗan. Tun 1987 ƙasar ta cire baƙi daga sashen fansho na hukumar inshorar ma'aikatanta, ta bar musu diyyar haɗarin aiki kawai. Abin da dokar ƙwadago ta tanadar musu shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Wannan ma ga mai takardun aiki ne. Tun da riyal a ɗaure yake da dala, waɗannan mutane su ne asusun dala ya fi dacewa da su. Abin da zai sa su ja baya shi ne batun riba. A ɓangaren naira an warware wannan a 2021 da aka buɗe asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, yake zuba jari a sukuk da makamantansu. Duk kamfanin da yake son kuɗin mutanen Jidda da Makka da Madina dole ya zo musu da amsa irin wannan a ɓangaren dala, rubutacciya, da Hausa da Fulatanci.

Saura mutumin Garwa, wanda ya fi kowa yawa, ya kuma fi kowa zama saniyar ware. Ba ya karɓar albashi, ba shi da mai ba shi aiki da zai zuba masa kashi 10, kuɗinsa kuma sefa ne. Sefa ba ta taɓa zama abin wasa ba a iyakar Gurin da Belel da Sahuda. An karya darajarta da rabi a watan Janairu 1994, amma tun daga lokacin ba ta motsa ba a kan kuɗin Faransa, daga baya kuma a kan yuro, inda yuro ɗaya yake sefa 655.957. Sefa 1,000 da ba ta kai naira 350 ba a 2014 ta kai kimanin naira 2,500 a 2024. Ɗan kasuwar da ya ɓoye sefa a ƙarƙashin katifa ya fi wanda ya zuba naira a asusun fansho riba a wannan tsakani, kuma ya san haka sarai. In aka ce masa ya sayi dala da sefarsa, ya bi ta banki, ya biya kuɗin canji sau biyu, zai yi godiya ya koma shagonsa.

Tsarin da aka yi domin irinsa a gida shi ne ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris 2019 bisa sharaɗin mutum yana iya cire kashi 40 cikin ɗari idan buƙata ta taso, kashi 60 kuma ya jira tsufa. A ƙasar da masu aikin kansu suka kai miliyoyi da dama, waɗanda suka yi rajista ba su kai rubu'in miliyan ba ya zuwa ƙarshen 2024, kuma a 2025 hukumar ta sake wa shirin suna da fasali. A ɗaya ɓangaren iyakar, hukumar CNPS ta Kamaru ta buɗe inshorar raɗin kai ga masu aikin kansu a 2014. Matsalar ita ce babu gada tsakanin tsarin biyu. Ƙasashen da ke amfani da sefa suna da ƙungiyar CIPRES tun 1993, wadda take daidaita harkokin inshorar ma'aikata a tsakaninsu, amma Nijeriya ba ta ciki. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin fanshon ma'aikata masu ƙaura a 2013, amma Kamaru da Cadi ba mambobinta ba ne, Nijar kuma ta fice a watan Janairu 2025. Ke nan duk maƙwabtan da mutanen Arewa suka fi zuwa ci-rani suna wajen inuwar yarjejeniyar.

Wanda yake ganin wannan ba abin gaggawa ba ne ya tuna da 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, Hausawa da Yarbawa da suka yi shekaru a zango suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Nijeriya ta rama a 1983. A baya-bayan nan ma an rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ciniki ya tsaya cik. Ɗan ci-rani yana iya wayar gari ya tarar zamansa ya ƙare ba da shawararsa ba, kuma a ranar abin da yake da shi kawai shi ne abin da ke rubuce da sunansa a wurin da hannunsa zai kai.

Mutanen Yola sun san abin da ya sami tafkin Njuwa, wanda bikin kamun kifinsa ya taɓa tara jama'a daga nesa. Ba a dare ɗaya ya ja baya ba, yashi ne ya yi ta taruwa shekara da shekaru ba a yashe ba, kowa yana zaton damina mai zuwa za ta gyara. Haka haƙƙin fansho yake salwanta: gurbin shekara ɗaya, sai na biyu, sai wa'adi ya wuce. Ma'aikatan kamfanoni da suka biya NSITF kafin 2004, waɗanda aka mayar da kuɗinsu hannun kamfanin Trustfund, da yawansu sun tafi waje ba su bi sawu ba. Wanda yake da tsohon asusu a gida ya kamata ya sabunta bayanansa da lambar ɗan ƙasa, ya tabbatar sunan magajin da ke ciki yana raye, ya kuma san cewa tun watan Nuwamba 2020 yana da ikon sauya kamfanin da ke juya masa kuɗi sau ɗaya a shekara.

Nauyin da ya rage na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Waje ta fi mai da hankali ga Landan da Hustan, inda ake da masu digiri da masu dala, alhali yawan jama'a yana Garwa da Injamena da Jidda. Nijeriya da Kamaru suna da kwamitin haɗin gwiwa tun 2002, bayan hukuncin kotun duniya a kan Bakasi, kuma ƙasashen da suka iya zama suka auna iyakar da ta kusa kilomita 2,000 turke bayan turke ba za su kasa zama a kan yarjejeniyar haɗa shekarun aiki ba. Da Birtaniya kuwa, wadda take ɗibar likitoci da ma'aikatan jinya da aka horar da kuɗin talakan Nijeriya, batun daskarar da fansho ya cancanci shiga teburin kowace tattaunawar ciniki, ko da yake gwamnatocin Landan sun daɗe suna ƙin buɗe wannan babi ko ga Kanada. Gwamnatin Jihar Adamawa ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa, amma tana da gidan rediyo da ake saurare har bayan iyaka, tana da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da suka san kowane mutum da sunansa. PenCom kuma tana iya ba kamfanonin fansho izinin karɓar kuɗi ta wakilai a kasuwannin Mubi da Jimeta, a ranakun da fatake suke shigowa da sefa, a canza ta sau ɗaya a kan farashin da aka liƙa a bango, a ba mutum rasit a hannunsa kafin ya hau mota.